Maigidana yana da ciwon ƙwaƙwalwa, ga shan giya: in zauna ko in tafi?

Shugabar_Zaure: Assalamu alaikum. Wata 'yar uwa ce ta turo wannan ta akwatin sirri, ta roƙi a sakaya sunanta. Za ta riƙa amsawa da sunan Baiwar_Allah. Don Allah banda zagi, banda ƙoƙarin gano ko wace ce.

Baiwar_Allah: Jama'a barkanmu da warhaka. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a zauren nan, yau ga tawa. Shekararmu 12 da aure, 'ya'ya huɗu, muna haya a Tudun Wada, Kaduna. Maigidana mai walda ne a Panteka, kuma wallahi idan yana cikin hayyacinsa ba a raba shi da sallar jam'i, ba ya iya cin abinci yara ba su ci ba. Shekara shida ke nan da abin ya fara. Sai ya yi kwana huɗu ko biyar bai runtsa ba, surutu ba kan gado, yau zai buɗe kamfani, gobe shi gwamna yake jira. Kuɗin ƙofofi da tagogin da mutane suka ba shi ya rabar a titi. Bayan nan kuma sai ya shige ɗaki kusan wata biyu, ba wanka ba magana. Yayansa ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, likita ya ce ciwon da ake kira baifola ne. Ya sha magani ya dawo ras, har muka yi haihuwa biyu a wannan tsakanin.

To sai ya ce maganin yana kashe masa jiki, hannunsa yana rawa idan ya riƙe ƙarfe, ya watsar. Daga nan giya ta shigo. Da farko sai in ji ƙamshin kanumfari da minti a bakinsa tsakar dare, ban gane ba. Yanzu 'yar ledar giyar nan nake tsinta a cikin takalminsa, a bayan randa, har a aljihun rigar sallah. Makon jiya ya fasa talabijin, babbar 'yata ta je riƙe shi ya hankaɗe ta ta bugu da ƙofa. A daren ya ce ya sake ni. Da gari ya waye ya rantse bai san ya faɗa ba, yana kuka kamar yaro.

Hajiyarsa ta ce sammu ne, kuma da ganin yadda take kallona ni take zargi. A gidanmu kalma ɗaya ce, haƙuri. Ni kuma na gaji, ko bacci ba na yi sai da ido ɗaya. Auren yana nan ko babu? In yana nan, in zauna ko in tafi? Wadda ta taɓa shiga irin wannan ta faɗa mini yadda ta yi.

Maman_Hanif: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan haƙuri. Na karanta hawaye na zuba.

Dan_Kawo1: Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Wanda ya san hanyar mashaya kuma ya san yadda zai ɓoye leda a takalmi ba mahaukaci ba ne. Iskanci ne kawai aka lulluɓe da sunan ciwo.

Sista_Rabi: @Dan_Kawo1 ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ka yi kuskure. Mai wannan ciwon ba ya tafiya tsirara a bola, yana lissafi, yana iya wayo ma fiye da ni da kai. Da yawansu suna fara sha ne don su samu barci lokacin da kai ya ɗau zafi, ko don su ji sauƙin ƙuncin da ke zuwa bayansa. Sai giyar ta zama ciwo na biyu mai zaman kanta, kowanne yana hura wa ɗaya wuta.

'Yar uwa, abu mafi muhimmanci da zan gaya miki: idan kullum yake sha kuma ya daɗe a haka, kada a kulle shi a ɗaki a ce an raba shi da ita rana ɗaya. Jikin da ya saba, bayan wasu awoyi sai rawar jiki da gumi su fara, zuwa kwana biyu ko uku wasu sukan yi jijjiga kamar farfaɗiya, su riƙa ganin abin da babu. Wannan yana kisa. A asibiti ake yin sa, a ba shi maganin da zai sauko da shi a hankali, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Sannan rawar hannun da ya yi kuka da ita gaskiya ce, wasu magungunan suna sa haka, wasu suna sa ƙiba ko yawan barci. Da ya koma ya faɗa, da an rage ko an canja. Mutumin da hannunsa ne jarinsa dole ya ji tsoro.

Hajiya_Talatu: 'Yata ki ji maganar manya. Akwai wani sassaƙe da ake zubawa a abinci, da ya kurɓi giya sai amai, da kansa zai tsane ta. Ki yi mini magana ta gefe.

Sista_Rabi: Hajiya da girmanki, a'a. Hantar mai shan giya a wahale take, a ƙara mata abin da ba a san adadinsa ba? Ko na asibiti mai irin wannan aikin ba a ba mutum shi a ɓoye, don idan ya sha giya a kai yana iya faɗuwa. Haka nan kada ki niƙa masa tsohon maganinsa a kunu ba da sanin likita ba, ga giya a cikinsa.

Abu_Sumayya: Duk kun bar babbar magana kun kama ƙarama. Matar nan ta ce ya furta saki. Kafin a yi zancen zama ko tafiya sai a san ko akwai igiya.

Malam_Sani_TW: Haka ne. Baiwar Allah, ga abin da ke cikin littattafai, amma ba fatawa nake ba ki ba. Sakin wanda hankalinsa ya gushe saboda ciwo ba ya aukuwa, domin hadisi ya ce an ɗauke alƙalami a kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda ya rasa hankali har ya dawo hayyacinsa. Shi kuwa wanda ya bugu da abin haram da ganganci, mashahurin zance a Malikiyya shi ne sakinsa ya auku. Akwai malamai irin su Ibn Taimiyya da suka ce bai auku ba matuƙar bai san abin da yake faɗa ba. Naki ya haɗa biyun, ciwo da maye, shi ya sa ba a yanke shi a waya. Ki samu waliyyinki ku je wurin malami masani ko alƙali, a ji ta bakin maigidan, a ga takardun asibitinsa. Kuma a san wannan na nawa ne.

Baiwar_Allah: Na farko ne Malam. Na gode.

Malam_Sani_TW: To da sauƙi. Ko da an ce ya auku, ɗaya ne, akwai kome a cikin idda. Amma ki san a wane matsayi kike.

Ummu_Khalil: Ni dai ina bayan Hajiyarsa ta wani ɓangaren. Mutum lafiya lau rana tsaka ya birkice, kuma a sana'a irin ta kasuwa mai hassada? A haɗa da ruƙiyya.

Zee_Malali: Ruƙiyya ba wanda ya hana. Suratul Baƙara a gida, azkar safe da yamma, duk a yi. Abin da nake ƙi shi ne masu cewa a ajiye maganin asibiti wai yana hana aljanin fita. Ƙanwar babata haka aka yi mata, shekara uku ana yawo da ita daga wannan malami zuwa wancan, an sayar da filinta na Rigacikun, ƙarshenta dai asibitin da aka guda can aka koma.

Dan_Kawo1: To a kai shi gidan mari mana, wata uku zai dawo saiti.

Barista_Hauwa: Kai kuwa a Kadunan nan kake? Ka manta watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala? Duniya ta ga hotunan. Iyaye ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi, da niyyar gyara.

Baiwar Allah, ta fuskar doka: a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da muka gada tun zamanin Turawa. Ta ɗauki irin maigidanki a matsayin majinyaci mai haƙƙi, kuma ta bar ƙofar a kwantar da mutum a asibiti ko bai yarda ba idan likitoci sun ga zai cutar da kansa ko wasu. Ta ɓangarenki kuma, kotun shari'a tana raba aure saboda cutarwa idan an tabbatar, ba dole sai kin biya kuɗin hul'i ba. Ban ce ki je ba. Amma ki ɗauki hoton ciwon yarinyar da abin da ya fasa, ki ajiye. Ki kuma kwashe takardun haihuwar yara da na makarantarsu ki kai gidanku tun yanzu.

Tsohuwar_Zuma: Bari in ba ki nawa, don na sha wannan ruwan har na ƙoshi. Shekara tara na yi da baban yarana, shi nasa ciwon mai jin muryoyi ne, ga kwalba. Ni ce mai ɓoye wuƙaƙen kicin, ni ce mai bin sa mashaya da hijabi ƙarfe ɗayan dare, ni ce mai biyan bashin da ya ci da kuɗin adashena. Idan abokan aikinsa suka kira in ce zazzaɓi yake. Na zaci rufin asiri nake yi. Ashe 'yan uwansa nake hutar wa. Su shida ne maza a gidansu, amma tunda akwai jaki mai ɗaukar kaya, ba wanda ya taɓa kwana da shi ko sau ɗaya. Sai dai su zo da sallah su ce sannu da ƙoƙari.

Ranar da ya biyo ni da taɓarya na kwashi yarana na tafi gidanmu a Unguwar Sanusi da kayan jikina. Kin san me ya faru? Cikin mako guda suka haɗa kuɗi suka kwantar da shi. Abin da na yi shekara tara ina roƙo. Ban koma ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, zawarci da yara uku ba wasa ba ne, na sha gori, an ce na gudu na bar mara lafiya. Har yau idan na yi tuwon shinkafa da miyar taushe ina zuba masa a kula yaro ya kai masa, don shi ne abincin da ya fi so. Ba na ƙin sa. Zama da shi ne ba zan iya ba.

Maman_Hanif: Anti wannan kular ta karya mini zuciya.

Abu_Sumayya: Kada zauren nan ya zama wurin kashe aure. Da ita ce ta kwanta ciwo za ku so ya gudu?

Baban_Yasmin: @Abu_Sumayya bari ni in amsa maka, tunda ni abin ya sama. Matata ta birkice kwana tara bayan haihuwarta ta biyu, ta ce jaririn ba nata ba ne an musanya. Mun yi jinya a asibitin Shika, kuma tun daga nan ciwon yakan tashi lokaci zuwa lokaci. Ka san shawarar da aka fi ba ni? Ƙara aure. Abokai, 'yan uwa, har wani kawunta. Ba wanda ya ce mini haƙuri ibada ne, ba wanda ya ce zan shiga wuta in na tafi. Ita kuwa wannan baiwar Allah kowa haƙuri yake ce mata. Ma'aunin ba ɗaya ba ne, mu faɗi gaskiya.

Na zauna, shekara takwas ke nan. Amma matata ba ta sha, ba ta taɓa dukan kowa ba, kuma ta yarda tana da ciwo. Abin da ya taimake mu: na san alamunta. Idan ta kwana biyu tana wanke-wanke ƙarfe ukun dare, ba na jiran na uku, sai asibiti. Lokacin da take lafiya muka zauna da ita da yayarta muka yi yarjejeniya a kan haka, don idan ya tashi ba ta sauraron kowa. Katin banki yana hannuna da yardarta. Da ta gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, likita ya mayar da ita kan allurar wata-wata. Ki tambaya ko irin ta ta dace da maigidanki, ba kowa ake ba ba.

Dan_Kawo1: Naka daban, ba giya. Mashayi tsinanne ne.

Malam_Sani_TW: Ka kiyayi harshenka. A Sahihul Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Giya haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar shakka ba. Amma haramcin nan ma a mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i sannan Ma'ida.

Ladi_Kakuri: Ni Kirista ce, amma ku ba ni dama, don ba wanda ya yi maganar yaran sosai. Babana ma'aikacin masaƙa ne. Da masaƙun Kakuri suka rufe a shekarun 2000 ya zauna ba aiki ba haƙƙin sallama, sai gidan burkutu tun hantsi. Mamana ta zauna saboda mu, haka take cewa. Ni ce babba. Ina 'yar shekara goma na iya gane irin daren da za a yi daga yadda ya turo ƙofa. In kwashe ƙannena in kai su maƙwabta, in dawo in tsaya tsakaninsa da Mama. Yau shekarata 34, idan mijina ya ɗaga murya ko a kan ƙwallo ne sai cikina ya ɗuri ruwa. Yarinyar nan da ta je riƙe babanta, ni ce. Ki zaunar da ita ki gaya mata babanta ba shi da lafiya, ba laifinta ba ne, kuma ba aikinta ba ne ta tare shi. Yara sun san komai, shirun manya ne ke ruɗa su.

Baiwar_Allah: Ladi kin sa ni kuka. Shekararta 11. Tun ranar ba ta ƙara cin abinci idan yana gida ba.

Zee_Malali: Ni abin da ke ba ni haushi 'yar ledar nan ce. Da can sai mutum ya tsallaka gada ya nufi kudancin gari ko ya shiga mami a bariki, yana jin kunyar a gan shi. Yanzu ga ta a teburin mai sayar da sigari da alewa, kuɗinta bai kai na burodi ba, a sa a aljihu kamar fiya wata. NAFDAC ta sha cewa za ta hana, har yau muna ganin ta.

Ladi_Kakuri: Anti Zee a daina jingina wa kudancin gari. Masu zuwa da manyan riguna da zanna bukar su faka mota nesa, mun san daga inda suke fitowa.

Zee_Malali: Hahaha na karɓi gyara, ai abin da nake nufi ke nan, namu ne ke tsallakawa.

Shugabar_Zaure: A dawo kan maganar baiwar Allah don Allah.

Ummu_Khalil: Ni har yanzu ban ga dalilin fita ba. Miji mai sallah, mai ciyarwa, ga 'ya'ya huɗu. Wa zai riƙe mata su a wannan tsadar? Ta yi ta addu'a, komai nisan dare gari zai waye.

Tsohuwar_Zuma: Ummu Khalil, ni ma da wannan karin maganar aka riƙe ni shekara tara. Ba na ce ta kashe aurenta ba. Tsakanin zama da saki akwai wuri: ta koma gida da yaran, ta ce ba yaji ta yi ba, sharaɗinta asibiti. Kuma kada ta faɗi abin da ba za ta iya cikawa ba. Na yi barazanar tafiya ya fi sau ashirin, har ya zama abin dariya a wurinsa.

Abu_Sumayya: In dai idda take ciki, a ɗakinta shari'a ta ce ta zauna.

Malam_Sani_TW: Asali ke nan. Amma malamai sun yi rangwame ga wadda take tsoron cutarwa a kanta. Shi ya sa na ce a gaggauta zuwa wurin masani.

Sista_Rabi: Ƙari kaɗan. Kada ki yi masa maganar asibiti yana buge ko kai ya ɗau zafi, ɓata baki ne kuma haɗari ne. Da safe, lokacin nadamar nan da yake kuka, shi ne lokacin. Kuma kada ya zama ke kaɗai, a samu namijin da yake jin nauyinsa. Idan kin taɓa jin ya ce ya gaji da duniya ko gara ya mutu, kada ki ɗauka maye ne, ranar za a kai shi. Ke ma ki auna hawan jininki. Matan majinyata da yawa mun gan su sun riga majinyacin kwanciya.

Baiwar_Allah: Assalamu alaikum, ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba. Na kai yaran wurin Innata a Kawo, na ce hutu suka je, amma babbar na gaya mata gaskiya kamar yadda Ladi ta ce. Ba ta ce komai ba, ta dai rungume ni. Na je na samu Baffansa, ƙanin mahaifinsu, wanda shi ya koya masa walda. Ban taɓa buɗe masa maganar giyar ba sai ranar. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce me ya sa ban faɗa tun tuni ba. Ban san amsar da zan ba shi ba. Ya zo jiya bayan asuba, sun fi awa biyu a ɗaki. Maigidan ya yarda za su je Barnawa ranar Litinin, amma ya ce ba zai kwanta ba, kuma ya ce kada Hajiya ta ji. Da yamma ya fita, ya dawo da warin abin. Maganar sakin Babana ya ce za su je wurin malami da Baffan bayan an dawo daga asibiti. Ni dai ina gidan tukuna, jakata a haɗe take a bayan ƙofa.

Ummu_Khalil: Alhamdulillah, kin ga amfanin haƙuri.

Tsohuwar_Zuma: Ba haƙuri ne ya kawo Baffa ba, magana ce. Ki bar jakar a inda take. Daga yau zuwa Litinin kwana huɗu ne, kada ki kwana ke kaɗai da shi, ki nemi ƙanwarsa ko wata ta zo.

Baban_Yasmin: Ku fita da sassafe, akwai layi. Ki nemo tsohon katinsa da kwalayen maganin da ya bari, ko babu komai a ciki. Kuma ki shiga wurin likitan tare da su, don shi zai ce sau ɗaya ya taɓa sha.

Baiwar_Allah: Katin ya yaga shi tun bara. Amma na taɓa rubuta lambar a bayan littafin adashena, bari in duba.